Insaf, Mai Jiƙa Idanun da Unguwa Ke Gudu

Kafin mai dafaffen wake ya ɗora tukunyarsa a bakin layinmu na garin Damanhur, Sitt Insaf ta riga ta fito da jakarta. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: kwalaben maganin ɗigawa a ido, tsumma mai tsabta, da gorar ruwan ɗumi. Ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa ce, amma gidajen masu ciwon makyarkyata take bi, kuma ba wanda ya aike ta.

Ciwon nan ba hannu kaɗai yake kamawa ba. Yana daskarar da fuska, ya hana mutum ƙifta ido, har idon ya bushe ya yi ja kamar an zuba masa barkono. Insaf kan shiga ta kashe fankar da ke hura fuskar majinyaci, ta gasa fatar idon da tsumma, ta goge gindin gashin idon, ta ɗiga magani. Sannan ta tafa hannu a gaban hancinsa: "Ƙifta, Alhaji! Ko sai an biya ka?"

Haka ta riƙa yi wa yayana Shahata, kafintan da rabin unguwar nan ke kwana a kan gadajen da ya ƙera. Da ciwon ya ci ƙarfinsa, sai ya zauna a ƙofar gida yana kallon mutane ƙur, ba ƙiftawa. Nan fa 'yan layinmu, masu ilimin komai, suka gano cewa mugun ido gare shi. Kaza ta mutu, Shahata ne. Yaro ya yi zazzaɓi, Shahata ne. Mata sukan ware masa yatsu biyar a fuska in za su wuce, wai tsari daga idonsa. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi.

Buri ɗaya ya rage masa, ya ga jikansa na fari. Da Nirmin, matar ɗansa, ta haifi 'ya mace, ranar suna aka watsa gishiri a kowane lungu don korar mugun ido, aka kulle kakan a ɗakin baya. Insaf ma aka tare ta a ƙofa.

"Inna, ki yi haƙuri sai mun yi arba'in," in ji Nirmin. "Gidajen masu ido kike bi, kada ki kwaso mana."

"'Yar nan, idon da ba ya iya kare kansa daga ƙura, shi zai ci jaririya? Matsa in wuce."

Nirmin ba ta matsa ba, ɗan Shahata kuma ya sunkuyar da kai. Ni ma an kore ni, wai bakina ya yi yawa. Maƙwabta shaida ne, kowace safiya Insaf sai ta zo ta miƙa kwalbar ta taga, tana roƙon a ɗiga masa. A kan tagar kwalaben suka taru.

Ranar da aka buɗe mata, idon dama ya riga ya yi miki, ya yi fari fat. Ita ta tallabe shi zuwa asibitin ido, likita ya ceto na hagu da ƙyar. Da suka dawo ta tsaya a tsakar gida ta ce wa ɗan, "Ido ɗaya kuka bar masa. Ku kawo yarinyar, ko in fita titi in yi muku shela."

Aka kawo ta, an maƙala mata shuɗin dutsen tsari a goshi, amma Nirmin ta toge da ita a bakin ƙofa. Daga can dishi-dishi kawai yake gani. Ya yi ta ƙoƙari, sannan ya raɗa wa Insaf da muryarsa da ta dushe, "Da wa ta yi kama?"

"Da kai mana. Idanunka ne sak."

Nirmin ta ƙanƙame 'yarta ta fice tana neman tsari. Ba a sake kawo ta ba.

Insaf, ke ce kika kalli idanun da kowa ke kauce wa, kika ga ciwo a inda muka ga sharri. Uwar marasa gata, ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki don gwiwoyinki sun gaji, ba walima, ba wanda zai gaje ki. Na gode, Allah Ya saka miki da abin da unguwar nan ta kasa ba ki.

Ku kuma masu irin wannan majinyaci a gida, aikin bai fi ƙarfinku ba. Ku kai shi likita ya duba idon, ku kashe fanka, ku ɗiga magani a kan lokaci, ku zauna kusa yadda zai gane fuskarku. Yarinyar ta fara tafiya yanzu, Shahata yana jin takunta a tsakar gida. Idon da Insaf ta ceto yana nan a jiƙe, yana kallon ƙofa.