Malam Ayuba mai buhu

Jiya na tsaya shan ruwa a wata rijiya kusa da Kanan-Bakashe, sai wani tsoho ya ƙura mini ido.

"Ɗiyata, ke ba ta Malam Ayuba mai buhu ba ce?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Mahaifina kontabul ne, wato akawu, na wani ɗan kwangilar gini a Mayahi, zamanin soja, shekarun fari. Takarda ba ta isarsa. Duk simintin da aka ce an zuba, sai an kawo buhunan fanko ya ƙirga. Ana yi masa dariya, mu 'ya'yansa muna jin kunya.

"Ni na gina rijiyar nan," in ji tsohon. "Yunwa ta sa na so sayar da buhu biyar. Babanki ya hana, na zage shi. Washegari ya aiko mini gero daga rumbunsa. Duba, ko tsaga babu. Ta ƙauyen gaba ta rufta tuni."

Na sha, na ƙara. A gidan laka mahaifina ya rasu, amma gari guda ke shan gadonsa.

Ku fa, wane halin iyayenku kuka ji kunyarsa a da, yau kuke tinƙaho da shi?