Tabon da Yaya ya zana

Yayana bai taɓa ɗaga hannu ya doki kowa ba, amma a takarda ya jefo mutane daga saman bene ba adadi. Sana'arsa ke nan. Shi ke zana littattafan Garkuwa, jarumin nan mai faɗin ƙirji da ke tare babbar mota da hannu ɗaya, wanda yara ke rububin saye a bakin makaranta. Kamfanin ɗab'i ɗaya muke aiki. Shi yana gaba kusa da taga, da teburinsa mai gangare da gwangwanin fensirori, ni kuma ina can ƙurya bayan inji, ina naɗe takardu ina ɗinkewa. Duk abin da ya zana sai ya bi ta hannuna kafin ya fita.

Tun muna yara yake da wannan cuta. Babu bangon gidanmu da bai sha gawayi ba. Babanmu ya yi faɗa, ya yi duka, daga baya ya gaji ya sayo masa takarda don bango ya huta. Yaya ba mai magana ba ne, ni na kwashe rabonsa na baki. Nasa dai kallo. Idan ka zauna kusa da shi a mota, ka sa a ranka hancinka zai fito a littafi na gaba. Bai san yana yi ba ma, idonsa ke ɗauka, hannunsa ya ajiye. Ni kaina ya taɓa ɗora wushiryata a bakin wata masifaffiyar mai shago, na yi kwanaki ba na gaishe shi, yana ta rantsuwa wai bai lura ba.

Labarin kuwa Manaja ke rubutawa, shi ne mai kamfanin. Doka ɗaya gare shi, kullum tana bakinsa: mugu sai da alama. Ya ce dole yaro ya hango bangon littafi daga tsallaken titi ya san wane ne na kirki, wane ne ɗan banza. Don haka Garkuwa fuskarsa sumul, haƙora jere. Abokin gabarsa kuwa, mai sa guba a tankin ruwan gari da ƙona kasuwa, sunansa Mai Tabo. Shekara da shekaru tabon nan bai wuce layi uku karkatattu a kumatu ba, irin wanda kowane yaro zai iya kwaikwayo.

Yaya yana da 'ya ɗaya, muna ce mata Kanari saboda surutu. Tana 'yar ƙarama ta jawo wayar butar lantarki daga kan tebur, tafasasshen ruwa ya sauko mata a kumatun hagu har wuya. Ba zan tsaya a kan wannan rana ba, har yau ba na son tuna ta. Sun daɗe a asibiti. Uwarta ba ta iya kallo idan za a wanke ciwon, sai ta fita ta jingina da bango tana kuka. Yaya ne ke riƙe yarinyar, kuma bai taɓa kawar da kai ba. Ya ga yadda fata ke tattarewa, yadda take sheƙi idan ta warke, yadda take jan gefen baki ya ɗan ɗaga sama.

Da ya dawo aiki, tabon Mai Tabo ya fara canzawa. Layi ukun nan suka ɓace a hankali, ƙuna ta gaske ta maye gurbinsu, da tattarewarta da sheƙinta da jan bakin. Manaja ya ɗaga shafi sama yana nuna wa masu inji, yana cewa yanzu ne mugu ya zama mugu, shi kansa tsigar jikinsa tashi take. Littafi ya ƙara karɓuwa. Mu manya duk ba wanda ya kawo komai a ransa, shi ma mai zanen haka.

Yara kuwa kallo ɗaya suka yi. Kanari ta shiga makaranta, ba a jima ba surutu ya ragu. Ta fara jawo ɗankwali ta rufe rabin fuska. Yau ciwon ciki, gobe ciwon kai, daga ƙarshe ta ce ita ko za a yanka ta ba za ta koma ba. An lallashe ta, an yi mata tsawa, ta ƙi faɗin dalili. Ni ba a yi ni da haƙuri ba. Na saɓa jakata na nufi makarantar lokacin hutun tara, da niyyar in ga ɗan da ya isa.

Na same su a gindin bishiya suna wasan Garkuwa. Ɗaya ya buɗe ƙirji, sauran suna gardamar wa zai zama mugu tunda ta gaskiyar ta daina zuwa. Da kunnena na ji, ta gaskiyar. Na fizge littafin daga hannun wani mai ƙaton kai, na buɗe baki zan wanke su tas, sai idona ya sauka a bangon. Littafin da ni na ɗinke da hannuna. Kumatun hagu ne, har wuya, da bakin da ya ɗaga. Fuskar 'yar yayana ce a jikin ƙaton da ke ƙona kasuwa. Na juya na tafi da littafin mutane a hannu.

Ban tsaya ko'ina ba sai teburin Yaya. Na dangwara masa littafin a kan aikin da yake yi.

Na ce, "Yaya, dubi wannan da kyau. Wa ka zana?"

Ya ce, "Mai Tabo mana. Lafiyarki?"

"Sake dubawa. Sunan da ake kiran 'yarka da shi ke nan a makaranta."

Ya duba. Na ga lokacin da ya gane, don fensirin ya zame daga hannunsa ya gangara ƙasa bai bi shi da ido ba. Na so in ƙara masa da baƙar magana, na tanade ta tun daga hanya, amma tausayinsa ya kama ni. Ya miƙa hannu ya cire takardar da ke kan tebur ya sa sabuwa.

Ka'idar aikin ita ce a yi zane da fensir, Manaja ya duba ya amince, sannan a bi da tawada a kai inji. Na ba Yaya shawara ya yi abin da zai yi a wajen tawada, bayan an amince, kafin a farga an buga. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Ya zana littafin gaba ɗaya da fensir, mugu da fuska lafiyayya, kyakkyawa ma, irin mutumin da za ka ba ajiyar makullin gidanka. Ya ɗauka ya shiga ofis. Ni kuma na ga ya dace a share bakin ƙofar ofishin a daidai wannan lokaci.

Manaja ya juya shafuka ya ce, "Wane ne wannan ɗan gayun?"

"Shi ne mugun, ranka ya daɗe."

"Ina tabon?"

Yaya ya faɗa masa komai, a taƙaice kamar yadda ya saba. In faɗi gaskiya, Manaja ba azzalumi ba ne. Ya je asibiti duba Kanari har da kayan wasa. Ya yi salati, ya ce wallahi bai sani ba. Sannan ya fara neman mafita irin tasa.

"To a mayar da shi kumatun dama."

"Ƙuna ce dai, ranka ya daɗe."

"To Garkuwa ya kashe shi, mu kawo sabo. A yi masa ido ɗaya, ko doro."

Yaya ya ce, "Mai ido ɗaya ma ɗan wani ne. Shi ma makaranta yake zuwa."

Nan Manaja ya fara hawa. Ya ce to ta yaya yaro zai gane mugu? Yaya ya ce ya gane shi lokacin da ya zuba guba a ruwa. Manaja ya ce wannan sai an karanta, shi kuwa bango yake sayarwa, ba wa'azi ba. Sai Yaya, mutumin da ba ya haɗa jimla biyu a jere, ya ce, "Ranka ya daɗe, duk waɗanda suka taɓa cutarka a duniya, wanne ne mai tabo a cikinsu? Ni dai nawa duk fuskarsu kalau, wasu har da turare. Shekaru muna koya wa yara su ji tsoron wanda wuta ta ci, su saki jiki da mai murmushi. Ni na gama."

Manaja ya nuna ƙofa da hannu, ba korarsa yake ba tukuna, mu yake nunawa. Ya ce Yaya ya dubi masu inji, ya dubi ƙanwarsa da ke laɓe da tsintsiya, duk a bakin Mai Tabo muke ci. Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ba Yaya lokaci ya je ya huce. Yaya ya je ya dawo da shafukan yadda suke, ko ɗigo bai ƙara ba. Aka sake mayar masa, ya sake dawowa da su. Ana nan sai ga wani sabon mai zane a ofis ana nuna masa tsofaffin littattafai. Yaya bai jira a faɗa masa ba, ya juye fensirorinsa a leda, ya bi masu inji ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama.

Kada wani ya zaci duniya ta girgiza. Sabon mai zanen ya manna tsohon shafi a gilashin taga, ya ɗora farar takarda ya bi layin Yaya tsaf. Mai Tabo ya ci gaba da fitowa da kumatun Kanari. Ni kuma ina nan ina ɗinkewa, don gida biyu ba za su zauna babu mai albashi ba. Wanda ya ga laifina ya zo ya ciyar da su. Yaya ya koma rubuta allon shaguna, yana hawa tsani da gwangwanin fenti, yana zana almakashi da kan mutum a ƙofar masu aski. Wasu suka ce taurin kai ne, ya kashe aikinsa bai ceci kowa ba. Ban bar ko ɗayansu ya tafi da maganarsa a baki ba.

Amma abin da aka yi domin shi bai samu ba, Kanari tana gida. Wata ranar hutu da hantsi na je, na tarar Yaya ya zaunar da ita yana yi mata bayani, cewa ya bar aikin, hannunsa ba zai sake zana wannan mutum ba har abada. Yana faɗa yana kallonta, yana jiran ya ga ta saki fuska. Ita kuwa ɗankwali a kumatu, idonta a ƙasa.

Can ta ce, "Baba, ai kai ma ba ka son ganin tabon nan."

"Wa ya faɗa miki haka?"

Ta nuna bangon ɗakin. Zanenta ne jere, wanda uban ya yi mata tun tana rarrafe: tana dariya, tana barci, tana riƙe da 'yar tsana. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka yi bayan ƙunar, ta juya gefe, kumatun dama ne kawai a waje.

Ta ce, "A littafi kaɗai kake zana shi. A fuskata ba ka taɓa ba."

Uwarta ta tashi ta shige ciki. Yaya bai kare kansa ba, bai ce don kada ranki ya ɓaci ba ne, ko da yake na san haka ne. Ya jawo kujera ya ajiye a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ya ɗauko takarda, ya fere fensir.

Ya ce, "Zo ki zauna. Ki dube ni sosai."

Ta zauna. Ta daɗe kafin ta saki ɗankwalin, shi kuma bai hanzarta ta ba. Ya yi ta zane, yana ɗaga ido yana saukewa, hawaye na bin gemunsa yana sharewa da kafaɗa don kada ya ɗiga a takarda. Da ya gama ya miƙa mata. Ta ƙare wa zanen kallo, ta shafa wuyanta.

Ta ce, "Ka rage. Ya kai har bayan kunne."

Ya karɓa ya ƙarasa shi har bayan kunne.

Ranar da aka koma makaranta ni na raka ta, na ci ɗamara ina addu'a wani ya tanka. A bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, ki koma, za ki sa a yi mini dariya." Na ja baya na tsaya jikin katanga. Ba ta kai tsakiyar fili ba wani ya kira sunan nan daga gindin bishiya. Na ga hannunta ya tashi ya kama bakin ɗankwali. Ta tsaya haka. Sannan ta sauke hannun, ta gyara jakarta, ta juya ta dubi yaron da fuskarta duka har sai da ya kawar da kai, ta wuce aji.