Hoton Tafiyar Direba

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. A zuciyata ban gama yarda ba, amma unguwarmu a Kafanchan ta yanke hukunci, matata ma ta sa hannu. Ni kuwa tsohon masinjan ƙaramar hukuma ne, na saba ɗaukar abin da manya suka yanke in kai inda aka aike ni.

'Yata mai aikin jinya a Sabon Tasha ce ta jawo. Ta zo hutun Ista ta same ni a gindin mangwaro ina gyara wa masu wucewa tafiyarsu da baki, ta ce zaman banza zai kashe ni. Sai ta aiko mini da kamara ta gwanjo, baƙa, mai nauyi, ta kuma sa mini bidiyo a waya, wani Bature mai gemu yana koyar da ɗaukar hoto. Turancina na firamare ne, amma firamaren da, wadda ake duka. Abin da na kama daga bakin Baturen shi ne rana maƙiyiyar hoto ce. Tana sa mutum ya runtse ido, tana zana masa inuwa a ƙarƙashin hanci. Hasken kirki sai da hadari da yayyafi. Na ce ashe Allah ya san inda ya ajiye ni, garin da damina ba ta zuwa hutu.

Na yi wa kamarar riga da ledar burodi, na huda wa idonta ƙofa, na ɗaure da robar tayar keke. Na hau acaɓa har Matsirga in ɗauki ruwan da ke zubowa daga dutse, na dawo da farin allo. Na auna dutsen Kagoro, gajimare ya haɗiye shi kafin in danna. Idon kamarar kullum yana yin hazo, in na goge da bakin riga sai ya ƙara dagulewa. Ran da na goge shi da zanen zumuntar matan coci na matata, na kwana ban ci tuwo ba. Ran da na binne kamarar cikin buhun shinkafarta don ta tsotse danshin, ta tambaye ni ko ta dafa mini ita da miya.

Daga baya na gano baiwata. Akwai wani gangare na jar laka kusa da kasuwa, inda kwata ke ambaliya. In na tsaya a rumfar mai shayi da laimata, ba na daɗewa sai wani ya zame. Mai tallan gyaɗa, malamin makaranta da takalmi mai ƙyalli, wata mata da kwandon tumatir. Yatsana ya koyi dannawa tun kafin ƙwaƙwalwata ta ba da izini, hotunan kuma su fito tar. Ina turawa a dandalin zumuntar maza na cocinmu, dattawa suna ta turo fuskokin dariya. Ban taɓa ture kowa ba. Jira kawai nake yi, Baturen ma ya ce haƙuri shi ne rabin aikin.

To, maƙwabcina tsohon direban jirgin ƙasa ne, kowa Direba yake ce masa. Ya girme ni, ya fi ni tsayi, ya fi ni fansho, kuma bai taɓa bari na manta da ko ɗaya ba. A daminar nan ciwon ƙirji ya cinye shi har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A wajenmu tsoho mai hankali yakan zaɓi hoton tafiyarsa tun yana da rai. Shi za a buga a takardar jana'iza, a kalanda, a jikin riguna da bokitan roba da ake rabawa. In ka yi sakaci, 'ya'yanka su zaro wanda suka ga dama, ka shekara goma a bangon mutane kana kama da wanda aka kama da akuya. Direba ba shi da hoto sai na katin fansho, kuma wannan ɗin irin na akuyar ne.

Ya kira ni wata safiya. Ya ce, "Masinja, yarana za su kawo mai hoto daga cikin gari ran Asabar. Ina so in tafi kamar mutum."

Na ce, "Haba Yaya, ga gwani a bayan katangarka? Waɗancan za su haska maka wuta a fuska, ka fito kamar gasasshen kifi. Ka bar mini. Sai dai mu jira yayyafi."

Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta leƙo daga kicin. "Baba Masinja, mutumin nan tari yake yi. Wane irin yayyafi?"

"Mama, wannan ilimi ne. Ba a cikin tukunya ake samunsa ba."

Direba ya yi dariya har tarin ya kama shi. Yana son a ƙure matarsa, ni ma na sani, da wannan na ci shi. Aka sallami mai hoton gari.

Yayyafin bai sa mu jira ba. Direba ya fito da kwat ɗinsa na ranar ritaya, da laktaye, da hular aiki wadda Mama ta goge wa baki. Na tsayar da shi a tsakar gida, bayansa ganyen ayaba yana ƙyalli da ruwa. Gaskiya hasken ya yi kyau, ko yau ba zan janye wannan ba. Mama da surukarta, matar ɗansu na fari, suna tsaye a baranda, ita surukar tana ta latse-latsen waya kamar yadda yaran zamani suka saba.

Na duba, na ga sandarsa tana ɓata mini aiki. Na ce, "Kawo sandar nan. Direban jirgi ne ko makaho?" Na karɓe na jingina ta a bango.

Idon kamarar ya yi hazo. Na goge. Ya sake yi. Na ce ya ɗaga haɓa, ya ɗaga. Na ce ya juya kaɗan wajen hagu, ya juya. Yayyafin ya fara nauyi, ruwa yana bin bakin hular yana ɗiga masa a hanci.

"Masinja, ba ka gama ba?"

"Jirgi ma yana jiran sigina, Yaya. Tsaya."

"Ƙafata tana rawa."

"To ka ce mata ta tsaya. Matsa baya taki ɗaya, ganyen ya fito."

Ya matsa. Wurin akwai gansakuka. Ƙafarsa ta tafi, dogon mutumin nan ya yi baya, baki buɗe, ido a sama, hannu yana neman abin kamawa. Yatsana ya danna. Ba ni na aike shi ba, horon kasuwa ne. Dariyar da ta biyo baya ita ma ba da shawarata ta fito ba, amma ta fito, har na dafa gwiwa. Yana kwance cikin laka yana miƙo mini hannu, ni kuwa ina neman inda zan ajiye kamara kada ta jiƙe. Mama ce ta zo da gudu, surukar na biye, suka ciccibe shi.

A gida na duba aikin. Duk hotunan tsayuwar hazo ne, kamar an ɗauki fatalwa ta cikin labule. Guda ɗaya ne ya fito tar, kowane gashin gira ana gani. Na tura wa zumuntar maza, don aiki mai kyau ba a ɓoye shi.

Direba bai ƙara fita tsakar gida ba. In na shiga gaishe shi sai ya ce, "Ina hotona?" In ce ana gyarawa, in ya warke ma za mu ƙara wani. Ya rasu kafin a fara haƙar citta. Likita ya ce tsohon ciwo ne, ya daɗe a jikinsa. Na roƙi ɗansa ya maimaita wannan magana a gaban mutane, ya juya mini baya.

Amma da aka zo buga takarda, ƙofar wa aka ƙwanƙwasa? Ko na akuya, ko nawa. Ɗan ya karɓi nawa bai zauna ba. Mai buga takarda ya yanke shi daga wuya, ya share ayabar, ya sa shuɗin sama da farar kurciya a baya. Sai ga Direba, ido a sama, baki buɗe, a kan riguna da bokitai da kalanda.

A coci fasto ya ɗaga takardar ya ce, "Ku dubi fuskar bawan Allah. Yana raira yabo tun kafin ya isa gida." Mata suka ce amin. A layin zumuntar maza kawuna suka sunkuya, kafaɗu suna rawa, wani dattijo ya cusa hankici a baki ya fita waje. Na taɓa na kusa da ni na ce, "Ni na ɗauka." Ya matsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka cika gidan. Zumuntar mata suna buga tulu suna waƙa a hankali, ana raba shinkafa a ƙarƙashin rumfa, ruwa yana sauka a kan tamfol. Mama tana zaune a tabarma cikin mata, sanye da rigar da ke ɗauke da fuskar mijinta. Na ga ya kamata in yi ta'aziyya irin ta masu sana'a. Na durƙusa da kamarata a wuya.

"Mama, sannu da haƙuri. Kin dai ji abin da fasto ya ce a kan hoton. Ke ma kada ki yi sakaci. Damina ba ta ƙare ba, duk ran da kika shirya, ki aiko."

Ta miƙa hannu, surukarta ta sa mata waya a ciki. Ta juyo mini da ita, ta yadda matan da ke gefe ma za su gani. Ni ne, da leda a ka, na dafa gwiwa, duk haƙoran da suka rage mini a waje, ga hannun Direba daga ƙasa yana miƙo mini.

Ta ce, "Kada ka damu da nawa, Baba Masinja. Naka ya riga ya samu. Na nuna wa matarka, ta ce shi za a buga, kuma ba za a yanke kome ba."