Riƙon da Magajiya Tasalla Ta Yi wa Sarki

Ina da shekara tara Hajiya, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano ta zauna da mu a Sparkhill, wata unguwa a Birmingham. Aikin ido aka kawo ta a yi mata, aka ce wata uku za ta yi, ta shekara biyu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kama sunana, sai dai ya ce Ummi, ita kuwa takwara take ce mini.

Gidanmu irin gidajen nan ne da ke manne da juna, a wani layi bayan Stratford Road. A falon gaba akwai hita ta gas mai shuɗiyar wuta, kuma tun ranar da Hajiya ta iso ta mallaki kujerar da ke gabanta. Lokacin sanyi kafin ƙarfe biyar duhu ya yi. Ni da ƙanena Sadiq mu dawo daga makaranta mu yi magariba, Baba bai taso daga aiki ba, Mama tana kicin. Wannan tsakanin na Hajiya ne. A can gida Kano ba a tatsuniya da rana, amma ta ce tunda ranar garin nan da wuri take tashi daga aiki, laifin ba nata ba ne. Sai ta miƙe ƙafa cikin safar Baba, ta ce, "Ku matso, wata baƙuwa ta iso." Ni in ce ta shigo. Sadiq, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya ce, "Let her in."

Ta ba mu labarai da yawa, amma wanda ya zauna mini shi ne na Magajiya Tasalla.

Wani sarki ne ya rasu ya bar ɗa ɗaya, yaro ɗan shekara shida. Masu zaɓen sarki suka naɗa yaron, amma suka ce dole a samu wanda zai riƙe masa gari har ya mallaki hankalinsa. Suka duba maza suka ga kowa da abin da yake nema, sai suka zaɓi yayar marigayin, Magajiya Tasalla, gwaggon yaron. Ta amsa. Ranar farko da ta shiga fada aka nuna mata shimfiɗar sarki, ta ce a kawo mata tabarma. Ta shimfiɗa a gefe, ƙasa da ta yaron, kuma nan ta zauna shekara goma sha biyu.

Idan aka kawo ƙara, ita ke saurare, ita ke auna magana. Amma kafin ta yanke hukunci sai ta sunkuya ta raɗa wa yaron a kunne, ya gyaɗa kai, sannan ta ɗago ta ce, "Sarki ya ce." Wata rana manyan attajirai biyu suna tsaka da gardama a kan wata rijiya, aka waiwaya aka ga sarki ya yi barci, bakinsa a buɗe. Magajiya ta ce kowa ya yi shiru. Haka dattawa da gemunsu suka zauna har ya farka ya nemi ruwa.

A nan Sadiq yakan faɗi ƙasa don dariya. "That's cheating, Hajiya. Ai ita ce sarki."

"A'a, maigida," in ji ta, don haka take tsokanarsa. "Ita ke magana, amma bakin na yaron ne. Aro aka ba ta."

Gari ya yi albarka a hannunta, kasuwa ta cika, aka daina kwana da tsoro. Sai fadawa suka fara zuwa mata a ɓoye, suna cewa ta sa a naɗa ɗanta na cikinta, jarumi ne mai hankali, ya fi wannan yaron da bai san komai ba. Ɗan nata ma ya zo da kansa ya durƙusa. Ta ce masa, "An ba ni in yi shari'a da sunansa, in tara haraji da sunansa. Ba a ba ni in canza wanda zai gaji gidan nan ba. Ran da na taɓa wannan, na zama ɓarauniya." Ya yi fushi ya bar garin, kuma ba ta ƙara ganinsa ba.

Da yaron ya cika sha takwas, ta tara jama'a ta miƙa masa sandar ubansa. Umarnin farko da ya bayar shi ne a tashi kasuwa a mai da ita bakin rafi. Magajiya ta san wurin yana cika da ruwa da damina. Ta gaya masa a keɓe, ya ƙi. Ta sake gaya masa, ya ce, "Gwaggo, yanzu ni ne." Ta ce gaskiya ne. Ta naɗe tabarmarta ta koma gida. Da aka zo tashin kasuwa, rumfarta ta saƙa aka fara ɗauka, don kada kowa ya ce Magajiya ba ta bi ba.

Hajiya ta karkaɗe hannu ta ce baƙuwa ta tafi, a rufe ƙofa.

Na ji haushi sosai. Na tambaye ta ko ruwa ya ci kasuwar. Ta ce wata shekara ya ci, wata bai ci ba. Na ce to sarkin ya gode mata? Ta ce labarin bai faɗa ba.

"To me ta samu? Ta rasa ɗanta, ba ta zama sarauniya ba."

"Takwara, ba samu aka kira ta ta yi ba. Riƙo aka ce ta yi." Ta jawo ni ta gyara mini ɗankwali. "Ke dai da rigima. Allah ya sa ki zama lauya, kowa ya huta."

Addu'arta ta ci. Hajiya ta koma Kano, ta rasu ina sakandare, ni kuwa na tafi jami'a a Manchester na karanta shari'a. A shekarar farko muka zo kan dokar riƙon sarauta ta ƙasar nan. Idan sarki bai kai sha takwas ba, ko rashin lafiya ya hana shi aiki, akwai wanda ke gudanar da ayyukansa da sunansa, ba da sunan kansa ba. Ba ya zama sarki, ba shi da ikon amincewa da dokar da za ta canza jerin masu gado, kuma ran da dalilin ya kau, riƙon ya ƙare. Na zauna a lacca ina murmushi ni kaɗai. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta riga malamin gaya mini, kuma nata ya fi daɗin ji.

Sai dai sanin abu a takarda daban yake. Shekara uku bayan rasuwar Mama, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Magana ta ɗauke, hannun dama ya daina aiki, tunaninsa yana zuwa yana tafiya. Tun yana lafiya ya cike takardar power of attorney, wato ta naɗa wakilin da zai yanke masa shawara idan ya kasa, ya sa sunana, don Sadiq yana aiki a ƙasar waje. Likitoci suka ce a halin da yake ciki ba zai iya yanke shawarar inda zai zauna ba, sai ni.

Na riga na samo masa flat a Salford, kusa da Manchester, a hawan ƙasa, minti biyar daga gidana. Ya fi mini sauƙi ta kowace fuska. Amma na san abin da Baba ya sha faɗa: ba ya son barin layinsu, da masallacinsu, da abokinsa Alhaji Issaka, mutumin Kumasi, wanda suke gardamar wace Hausa ce ta asali tun kafin a haife ni. Na zauna gefen gadonsa a asibiti da fom ɗin kama flat ɗin a hannuna, na tambayi kaina, shawarar nan tasa ce ko tawa? Na bar flat ɗin. Aka shirya masu zuwa kula da shi a gida, ni kuwa na koma bin hanyar Birmingham kowace Juma'a. Duk abin da zan sa wa hannu sai na karanta masa, ko ya gane ko bai gane ba. Wani lokaci ina tsaka da karatu ya yi barci, in jira shi.

Bayan kusan shekara guda magana ta dawo, a hankali, da ɗan nauyin harshe. Likitansa ya gwada shi ya ce hankalinsa ya dawo daidai, shi zai yanke wa kansa. Na yi murna har da kuka. Mako biyu bayan haka ya ce in zauna.

"Ummi, gida zan koma. Kano."

Na kawo masa maganar asibiti, da magunguna, da nisa. Ya saurara har na gama. Washegari na sake, har muryata ta tashi. Na san hanyoyin da zan bi in sa a sake gwada shi, in ja abin wata da watanni, ai aikina ne. Ya dube ni ya ce, "Kin riƙe ni da kyau, Allah ya yi miki albarka. Amma kusa da Hajiya nake so a binne ni, kuma da ƙafata nake so in je."

A lokacin na gane abin da ya fi wuya a labarin Magajiya. Ba ƙin naɗa ɗanta ba ne, ba zama a tabarma ba ne. Miƙawa ne ga wanda kake ƙauna, kana ganin kamar kuskure zai yi, kuma ka san hakkinsa ne ya yi. Har yau ban tabbata Baba ya yi daidai ba. Yana can Kano yanzu, muna waya kowace Lahadi, wani mako muryarsa garau, wani mako a gajiye.

Ranar da za a cike takardun barin gidan, lauyan Baba ya turo su gabana, don ya saba ni ke sa hannu. Na tura su gaban Baba. Ya ɗauki biro da hannun hagu. Na dafe masa gefen takardar don kada ta zame, ya rubuta sunansa da kansa.