Baƙar Kwat ɗin Baba Allura

Tun yana saurayi Baba Allura yake ɗibar jini a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti, ɗaki mai kujera ɗaya, tsohon firij, da fankar da ƙara kawai ta iya. Aikin ya bar masa wata muguwar ɗabi'a. In kuka gaisa ba fuskarka yake kallo ba, hannunka yake leƙe. Ko a wajen ta'aziyya sai ka ji ya ce wa mai makoki, "Kai, jijiyarka ta yi kyau!" Matarsa ta yi faɗa har bakinta ya gaji.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce autarsa. Tun da ta shiga sakandare ta daina jerawa da shi a titi. In ya dawo aiki, "Sannu, Baba," sai ƙofa garam. Shi kuwa, bawan Allah, ba abin da yake so a duniya kamar yarinyar nan ta zauna su yi hira irin ta da.

Ana haka annobar littattafan mashaya jini ta faɗo makarantarsu. Ka san irinsu: saurayi fari fat, ya shekara ɗaruruwa bai gama sakandare ba, ba ci, ba barci, ba sana'a, sai tsayuwa bakin taga yana huci. Wai shi ne mijin nunawa! 'Yan mata har kuka suke yi masa.

Ran nan ƙawayen auta suka zo gida. Baba Allura ya fito da kofin shayinsa, ya ƙura wa hannun ɗaya ido, ya ce, "'Yata, wannan jijiyar taki ko ido rufe ba zan kuskure ta ba."

Ƙawar ta dafe ƙirji. Kafin mako ya zagayo, duk ajin sun ji cewa baban wance mashayin jini ne, har yana tara jini a firij. Gida ya cika da 'yan mata masu leƙe. Ita kuma auta ta dawo zama kusa da shi, tana tambayarsa ko rana na ƙona shi kamar na littafi.

Daɗi ya kashe Baba. Ya je kasuwar gwanjo ya sayo baƙar kwat har ƙwauri da baƙin tabarau. Ya daina dariya. Ya hana a sa masa tafarnuwa a abinci, wai mashaya jini ba sa shiri da ita.

"Haba Malam, da girmanka?" in ji matarsa.

"Ke dai bari. Yarinya ta fara kula ni."

Wata rana da rana tsaka, zafi kamar bakin murhu, ya je ɗaukar auta cikin kwat ɗin nan, maɓalli har wuya. Yana tsaye bakin ƙofar makaranta yana huci irin na littafi, sai ga shi a ƙasa rim.

A asibitinsu ya farfaɗo. Abokiyar aikinsa ta ɗaure masa dantse, ta zaro allura. Ashe mutumin da ya tsikari rabin gari bai taɓa bari an tsikare shi ba. Ya runtse ido ya kwarma ihu: "Wayyo Allah! A hankali, 'yar'uwa, ina da iyali!"

'Yan matan da suka biyo shi daga makaranta har suka cika bakin ƙofa suka kalli juna, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe shi, ya juya fuska bango. Shi ke nan, ya ce a ransa, an koma gidan jiya.

Sai ya ji an riƙe masa ɗaya hannun.

"Auta, ki yi haƙuri," ya ce. "Babanki ba kowa ba ne."

"Baba, ni fa ban taɓa yarda da shirmen nan ba," in ji ta, tana share masa gumi. "Gani na yi kana jin daɗi, na rasa yadda zan ce ka daina."