Ranar Da Buhunan Kawuna Suka Rasa Masu Su

Ya Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ban jima da kammala jami'a ba, kuma na samu aikin wakiltar wani kamfanin manhaja a mahaifata, Jibiya. Kamfanin ba ya sayar da manhajarsa a mallaka, haya yake bayarwa. Ɗan kasuwa yana biya wata-wata, bayanan kayansa kuma su zauna a manyan na'urorin kamfanin can nesa, inda suke kira gajimare, yana duba su ta wayarsa. Ma'aunin ƙwazonmu a lokacin ɗaya ne, wato yawan sababbin 'yan kasuwar da muka shigar, ni kuwa ina ɗokin a ga sunana a sama.

Wanda na fara shigarwa shi ne kawuna, mai babban sito na hatsi kusa da kasuwa. Manoman Farfaru da Gangara, har da fatake daga Maraɗi, sukan ba shi ajiyar gero da wake har farashi ya yi kyau. Tun kafin a haife ni kowane mai kaya yana da alamarsa da ake zanawa a jikin buhu da shuni: wani ƙafar kaza, wani tsani, wani zobe biyu. Na gaya wa kawu cewa zamani ya wuce wannan, domin manhajarmu tana buga ƙaramar takarda mai lamba a manna wa buhu, waya ta haska ta, sunan mai shi ya fito. Sai ya ce tunda ɗan boko ya faɗa, ba zai kunyata ɗan ƙanwarsa ba. Abin da na ɓoye masa shi ne, na nace a daina shunin ne don kada ma'aikatansa su sami madadin manhajar, su yi watsi da ita bayan watannin gwaji.

Muka yi kaka guda lami lafiya, sai aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Ana cikin haka fatake uku suka iso da mota ɗaukar wakensu. Muka buɗe sito, ga buhuna jibge har rufi, duk iri ɗaya, ba abin da ke jikinsu sai lamba. Na haska, na sake haskawa, wayar tana ta juyi ba ta nuna komai. Ɗaya daga cikin fataken ya rantse cewa wakensa tsabtatacce ne, idan aka haɗa shi da mai ƙwari, ƙafarsa ba za ta sake taka siton ba, kuma duk Maraɗi sai ta ji. Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ce da ni a hankali, mutanen nan shi suka ba amana, ba kamfani ba. Wannan magana ta fi mari zafi.

Wanda ya cece mu shi ne sarkin 'yan dakon siton, dattijon da nake gaisarwa a tsaitsaye. Ya tambaye ni ko gajimaren nawa ya tafi zubar da ruwa wani gari ne, kowa ya yi dariya har da fataken. Sannan ya fara shafa bakin buhunan. Ashe kowane mai kaya da irin ɗinkinsa: wani yana ruɓanya zare, wani yana barin kunne biyu, wani yana ƙulli daga hagu. Daga hantsi zuwa la'asar ya ware su duka, ni kuma ina biye da shi da gwangwanin shuni ina zana alamar da ya faɗa, yana gyara mini cewa tsanin da nake zanawa ko kaza ba za ta hau ba. Da layi ya dawo na gwada aikinsa da na manhaja. Buhu biyu kawai suka saɓa, kuma da aka bincika, ni ne na manna musu takarda ba daidai ba.

Na rubuta wa kamfani komai, ina jiran takardar kora. Sai shugabar sashenmu ta amsa cewa irin wannan rahoton suke nema, domin sun gane wanda ya shiga ya fice ba ya raya kamfanin haya, wanda ya ci gaba da sabuntawa shi ne jarinsu. Yanzu manhajar tana ajiye bayanai a cikin waya ko babu layi, kuma tana ɗaukar hoton alamar kowane buhu. Kawu yana sabunta hayarsa ba tare da na roƙe shi ba, ni ma ina nan kan aikina cikin kwanciyar hankali, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, na so in ɗaure mutane ne ta hanyar raba su da abin da suka iya, alhali amfanin abu ne kaɗai ke riƙe mai saye. Ina jan hankalin 'yan'uwana matasa masu kai sabuwar fasaha gida, kada ku goge wata tsohuwar alama kafin ku tambayi dalilin da ya sa aka zana ta. Ni dai har yau, duk buhun da na manna wa lamba, sai na tsaya an shafa masa shuni.