Bargunan da Baba bai maido ba

Gidanmu na mahauta ne. Kakana da wuƙa ya tsufa, ƙannen Baba har yau nama suke sayarwa. Ni boko ya kore ni tun aji uku, na kama keke napep, daga unguwar Gidan Igwai zuwa Arkilla. Baba kuwa soja ya shiga. Inna ta ce ranar da anka jera sababbin sojoji anka tambayi wanda bai tsoron jini, shi ya riga kowa ɗaga hannu, ɗan mahauci da taƙama. Sai anka tura shi wajen likitocin soja, yana ɗauko waɗanda anka harba yana ɗaure musu rauni. Da wanga aiki ya tafi yaƙin Laberiya, ni ko cikina ba a yi ba.

Na taso na iske mutumin da ko kaza bai yankawa. Ranar layya ƙanensa ake kira, shi ya zagaya bayan gida. In na ce, "Baba, kai da ka ga yaƙi, rago ke kora ka?" sai ya ce, "Ɗan banza, tashi ba ni wuri."

Bara kansa ya fara rikicewa. Kana kwance a zaure da rana sai ka ji yatsu biyu a wuyanka, ka buɗe ido ka ga Baba yana laluben jijiya. Daga nan ya kama tambaya guda: "Ya farfaɗo?" A ce masa, "Wa?" Ya ce, "Yaron da na kai tantin likitoci." In ba a ba shi amsa ba ya ture kwano. Ko fura sai da lallashi. Wandonsa ya soma zamewa daga ƙugu.

Inna ta ja ni gefe ta ce, "Kai da bakinka bai mutuwa, tafi ka gano muna ko yaron ga ya rayu. Tsohon ga yunwa za ta kashe shi."

Na ɗauki katin sallamarsa na nufi bariki. A bakin ƙofa wani kofur ya kalle ni sama da ƙasa, ya tura ni ofishin tsoffin sojoji. Can bayan ofishin akwai ɗaki, fanka ta mutu, fayil a ɗaure da igiya har rufi, gara ta yi layi a bango. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne, kullum goro a kunci.

"Mi as sunan yaron?" ya tambaye ni.

"Baba bai faɗi ba."

"Lambarshi?"

"Malam, da na san lamba ai caca zan buga."

Bai yi dariya ba. Ya ce takardun majinyata ba a nan suke ba, shi bai ma san ko sun dawo ƙasar ba. Fayil ɗin Baba dai zai duba. Na yi ta zarya, in sauke fasinja in leƙo, ya ce gobe. Har makwanni.

Ranar da fayil ya fito, siriri ne, gefensa a cinye. Hoton Baba na ciki, saurayi mai wuya kamar na bijimi. Ban taɓa ganin wanga mutum ba. Akwai takardar ɗauka aiki, ta hutu, ta sallama. Sai wata guda mai jan tambari. Turancina ya tsaya a layi na biyu, na miƙa wa dattijon.

Ya ce tuhuma ce. Wani babba ne ke tambayar Baba ina bargunan asibiti da ya yi ta karɓa daga sito bai maido ba. A ƙasa Baba ya amsa da hannunsa, rubutu a karkace. Dattijon ya karanta a zuci, ya cire goron daga baki.

"Cewa ya yi babu likkafani a wurin. Da bargunan ya rufe gawawwakin."

Na ce, "Barguna nawa?"

Ya nuna mini gurbin. Gara ta cinye daidai nan, ta bar tambarin lafiya lau.

Na fito na zauna cikin keke, mutane na tsai da ni ina girgiza kai. Ƙarya ba baƙuwata ba ce, kullum ina yi wa fasinja ita kan hanya da man fetur. Na shirya wata mai kyau, har da ƙawa.

Bayan la'asar na iske Baba kan tabarma, Inna na riƙe da kwanon fura. Na durƙusa na ce, "Baba, na je ofishinku, na ga takarda. Yaron ya farfaɗo. Ya koma garinsu, ya yi aure, har tumbi ya aje."

Ya dube ni tsaf, irin kallon da ya daɗe bai yi wa kowa ba. Inna ta matso da ludayi kusa da bakinsa.

"Wane daga cikinsu?" ya ce.

Inna ta riƙe ludayin a nan, furar na ɗiga kan tabarma.